Daga Kalangu zuwa Wayar Hannu: Kwatanta Shaharar Mawaƙan Zamani da ta Shata da Barmani Coge a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta shaharar mawaƙan Hausa na zamani da ta manyan makaɗan da suka gabata, inda ta ɗauki yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, a matsayin fagen nazari. An zaɓi yankin ne domin shi ya fitar da Alhaji Mamman Shata da Hajiya Barmani Coge, kuma shi ne ya fitar da Dauda Kahutu Rarara, ɗaya daga cikin mawaƙan da sunansu ya fi tashi a wannan zamani. An yi amfani da ma'auni huɗu: hanyar da suna ke fita, wanda ke ciyar da mawaƙi, yadda jama'a ke gwada gwanintarsa, da abin da ke saura bayan yayinsa ya wuce. Maƙalar ta nuna cewa babban bambancin da ke tsakanin zamunan biyu yana cikin wanda ke riƙe da mawaƙi da kuma wanda ke adana aikinsa, fiye da yadda yake cikin baiwa. Ta kuma kawo shawarwari kan adana waƙoƙin yankin, tsofaffi da sababbi.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a zauna a wata majalisa a Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi, a ɗauko zancen waƙa, ba a rabu gida biyu ba. Dattawa su ce tun da Shata ya kwanta dama aka rufe littafin waƙa, abin da ya rage hayaniyar fiyano ce kawai. Matasa kuma su zaro waya su nuna yawan mutanen da suka kalli waƙar gwaninsu a YouTube, su ce wane makaɗin da ne ya taɓa tara jama'a haka? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai kowa da mudun da yake awo da shi, shi ya sa musun ba ya ƙarewa.

Manufar wannan maƙala ita ce a samar da mudu ɗaya da za a auna ɓangarorin biyu da shi. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: ta wace hanya ake zama shahararren mawaƙi a da, ta wace hanya ake zama a yau, kuma wace irin shahara ce kowace hanya ke haifarwa? An dogara ne da sauraron waƙoƙin da aka naɗa, da rubuce-rubucen masana, da lura da yadda mutanen yankin ke samun waƙa suna saurare. Batun ya dame ni ƙwarai, domin yankin da ya ba ƙasar Hausa makaɗinta mafi suna bai kamata ya bar tarihin waƙarsa a hannun musun majalisa kaɗai ba.

2.0 Waiwaye kan Ayyukan Magabata

Masana sun daɗe suna nazarin makaɗan Hausa. A 1957 M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari kan roƙo da matsayinsa a zaman jama'a, inda ya nuna yadda yabo da kyauta ke tafiya tare. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata shi kaɗai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da Hausa, ya kuma tattara tarihin makaɗa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka wallafa Shata Ikon Allah, littafin da ya bi rayuwar makaɗin daki-daki. Ta fuskar zamani kuwa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan waƙoƙin nanaye na finafinan Kano, ya kuma rubuta ta'aziyya mai zurfi kan Barmani Coge bayan rasuwarta.

Mafi yawan waɗannan ayyuka sun kalli zamani ɗaya ne. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne ajiye zamunan biyu gefe da gefe a cikin yanki ɗaya, domin a ga abin da ya sauya da abin da bai sauya ba.

3.0 Yankin da Arzikin da Ya Raini Makaɗa

Shiyyar Funtuwa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Kafur, Ƙanƙara, Malumfashi, Musawa da Matazu. Ƙasa ce mai laka da wadatar damina idan aka kwatanta da arewacin jihar, ta yi suna wajen auduga da masara da dawa, da tumatir da rake a wajen Ɗanja. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa, kamfanin Turawa na BCGA kuma ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Wannan ya mayar da Funtuwa mahaɗar dillalai da direbobi da leburori da fatake daga kowace kusurwa. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe, wanda ya yaɗa taki da ingantaccen irin masara.

Wannan bayani yana da alaƙa kai tsaye da waƙa. Makaɗi yana bin inda kuɗi ke zagayawa ne. Da kaka ta yi, aka buɗe fulotin auduga, manomi ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, sai bukukuwan aure da naɗin sarauta da wasannin dambe su biyo baya. Wannan shi ne lokacin makaɗa. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya fara da tallar goro da alewa yana waƙa a dandali, ya zauna a Bakori, daga baya wajen 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya yi sauran rayuwarsa. Garin da ke da tashar jirgi da manyan motoci da attajiran auduga shi ne ya dace da makaɗin jama'a. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, auduga ta ja baya, irin wannan kuɗin kaka na dunƙule ya ragu. A 'yan shekarun nan kuma matsalar 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ta sa taron dare a ƙauyuka da dama ya zama abin tsoro. Ke nan fagen da ya raini makaɗan da ya tsuke tun kafin wayar hannu ta gama mamaye gari.

4.0 Hanyar da Suna ke Fita

4.1 A zamanin Shata da Barmani

Sunan makaɗin da yana tafiya ne da ƙafa. Yakan fara a dandalin ƙauyensu, ya shiga kasuwannin da ke ci mako-mako, ya kai ga gidajen hakimai, kafin birni ya ji labarinsa. Marubuta tarihin Shata sun nuna cewa sai a 1952, a bikin 'yan sarki da aka yi a Kano, sunansa ya cika ƙasa, lokacin yana gab da shekara 30, bayan ya daɗe yana yawon kiɗa. Duk wanda ya san shi a wancan lokaci, ko dai ya gan shi da idonsa, ko kuwa wanda ya gan shi ne ya ba shi labari.

Sai rediyo ta zo ta ninka wannan suna. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 yana kaiwa ko'ina a Arewa har da Nijar da arewacin Kamaru da zangon Gana. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka sun sa manomi a Kafur da ɗan kasuwa a Maraɗi suna jin waƙa ɗaya a sa'a ɗaya. Tashoshin kaɗan ne, don haka wanda ya samu shiga ya shiga kunnen kowa: yaro da babba, mace da namiji, malami da ɗan tasha. Haka abin ya kasance a Masar, inda Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, ke yin wasa a Alhamis ɗin farko ta wata, rediyon Alƙahira ta watsa, ƙasashen Larabawa su tsaya cik su saurara. Faifan garmaho da kaset sun ɗora a kan abin da rediyo ta gina.

Hanyar Barmani Coge ta ɗan bambanta. An haife ta a 1948 a ƙasar Funtuwa, ta kuma rasu a Funtuwa a 2013. Fagenta cikin gida ne, inda maza ba sa shiga: bikin aure da suna. Mata ne suka ɗauki sunanta daga wannan gida zuwa wancan, daga Funtuwa zuwa Zariya da Kaduna da Kano, kafin kaset da talabijin su kai ta ga maza. Shahararta hujja ce cewa a wancan zamani bakin jama'a ma kafar watsa labarai ne mai ƙarfi.

4.2 A zamanin fiyano da waya

Waƙar zamani ta fito ne daga wata ƙofa dabam. Finafinan Hausa na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun buƙaci waƙoƙin soyayya, aka riƙa haɗa su da fiyano a sutudiyo. Da fim ɗin Sangaya ya fito, salon ya kafu sosai. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya katin ajiya da intanet suka biyo. Daga nan aka samu su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Nazifi Asnanic da Fati Nijar, sannan su Hamisu Breaker da Ado Gwanja.

A yau suna yana iya fita cikin mako guda. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ita ce misali mafi bayyana: a 2020, lokacin kullen korona, bidiyon mata suna taka rawarta a gaban mazajensu ya cika kafafen sada zumunta, sunan mawaƙin ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. A duniya ma haka ake awo yanzu. A 2023 waƙar Calm Down ta Rema ɗan Najeriya da Selena Gomez ta haura sauraro biliyan 1 a Spotify, wannan adadi ya zama labari da kansa.

Amma a yankinmu ba intanet kaɗai ke raba waƙa ba. A shiga kasuwar Funtuwa ko ta Ɗandume ranar da take ci, za a ga rumfar mai cajin waya, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takarda mai lamba, janareta na ƙugi a baya, a gefe kuma tsohuwar kwamfuta da lasifika. Saurayi ya sayar da buhun masararsa, ya miƙa katin wayarsa ya ce a zuba masa sababbi. Mai rumfa ne ke zaɓa, ya cika katin da abin da ake yayi, ya haɗa da wa'azi da waƙoƙin bege, sau da yawa har da Shata da Ɗanƙwairo. Wannan sauraro ba ya shiga lissafin YouTube, kuma ko sisi ba ya kaiwa ga mawaƙin. Saboda haka adadin da matasa ke nunawa a waya bai ma kama dukan masu sauraron gwanayensu ba.

Akwai kuma wani sauyi mai muhimmanci. Rediyo tana tara kunnuwa wuri ɗaya, waya kuwa rarraba su take yi. Mawaƙi na iya zama gagarabadau a wurin 'yan shekara 20, alhali iyayensu a gida ɗaya ba su taɓa jin sunansa ba. Shata bai san irin wannan katanga ba.

5.0 Wanda ke Ciyar da Mawaƙi

A nan akwai kamanci tsakanin zamunan biyu, ko da yake mutane ba su cika lura ba, amma kuma a nan ne babban bambancinsu yake. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina suna da ubangida ɗaya, shi ke ba su gida da doki da sutura. Musa Ɗanƙwairo ya faɗaɗa, ya yi wa sarakuna da attajirai da dama. Shata kuwa ya ƙi ɗaure kansa a ƙofa guda. Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da malaman asibiti da mata masu sana'a, ya yi waƙar noma da ta gargaɗi, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 bai bar shi ba. Yawan iyayen gidansa shi ne 'yancinsa. Idan wani ya juya masa baya, akwai ɗari a gaba, kuma kowa na tsoron zambonsa. Shi kansa manomi ne, ya kuma shiga siyasa da ƙafarsa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa a jamhuriya ta uku. Barmani ita ma jama'arta ce ke riƙe da ita: liƙin mata, turmin atamfa, kuɗin adashi da aka ware don biki.

Mawaƙin zamani ma da yabo yake ci. Kuɗin da ake samu daga YouTube ya dogara ne da farashin talla, wanda ba shi da yawa idan masu kallon suna Najeriya ko Nijar, masu tura waƙa kuma ba sa biya. Don haka abincinsa na fitowa ne daga waƙar amarya da ango da ake ba shi kwangila ya sa sunayen dangi, da waƙar sarauta, da tallar kamfani, da uwa-uba waƙar siyasa. Naɗin da aka yi wa Naziru M. Ahmad na Sarkin Waƙar Sarkin Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi II ya nuna cewa fada ma ta karɓi fiyano.

Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙauyen Kahutu a ƙaramar hukumar Ɗanja, shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Buhari da jam'iyyar APC a zaɓen 2015 sun shiga kowace tasha da kowane gangami a Arewa, a 2023 kuma ya yi wa Bola Tinubu. Abubuwa biyu daga tarihinsa sun isa a tsaya a kansu. Na farko, a 2020 ya nemi masoya Buhari su tura masa naira 1,000 kowannensu kafin ya fitar da sabuwar waƙa. Wannan liƙi ne irin na da, sai dai ta asusun banki, daga mutanen da ba ya ganinsu. Na biyu, a 2024, bayan wata waƙa da ya yi wa gwamnati a lokacin da ake kukan tsadar rayuwa, mutane suka yi ta kai ƙorafi har Facebook ya rufe shafinsa. A da, idan jama'a suka yi fushi da makaɗi, watsewa suke yi daga fage, gobe ya sake tara su da sabuwar waƙa. A yau fagen kansa mallakar wani kamfani ne da ke wata nahiya, yana iya naɗe tabarmar a dare ɗaya. Mawaƙin da arzikinsa ya rataya a kan jam'iyya ɗaya da manhaja ɗaya, duk yawan mabiyansa, bai kai Shata sakewa ba.

6.0 Gwajin Fage

Ma'auni na uku shi ne yadda jama'a ke tabbatar da gwaninta. Wanda ya kalli hotunan wasan Shata da aka ɗauka zai ga tsarin: makaɗa sun jeru da kalangai a hammata, su ne kuma 'yan amshi, suna maimaita layi ɗaya tak, maroƙi na gefe yana kirari yana sanar da kyauta, shi kuma yana tsaye yana zuba ɗiya a kan amshin. Idan wani babban mutum ya shigo fage, nan take zai saka shi a waƙar, da sunan mahaifinsa da garinsu da sana'arsa. Idan aka yi masa rowa, kafin a tashi an ji a jika. Shi ya sa waƙarsa ɗaya, ko da Bakandamiya ce, ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Mai sauraro yana ganin ana ƙera waƙar a gabansa, ba mai iya ruɗinsa.

Haka fagen amada, kiɗan Barmani, yake. Ana kife ƙwarya a kan ruwa cikin babban masaki, wasu ƙoren a kife a ƙasa, mata suna bugawa da 'yan sanduna, zabiya na tsakiya tana ba da waƙa. Barmani takan dubi matan da ke gabanta ta taɓo abin da ke cin su: kishi, haihuwa, rowar miji, da zaman banza ba sana'a. Guɗa da shewar da za su biyo baya su ne sakamakon jarrabawa, a take ake bayar da shi.

Waƙar sutudiyo da wata ƙa'ida take aiki. Ana rubuta baitoci, mai kiɗa ya haɗa sauti a kwamfuta, a rera a gyara, a sake rerawa, na'ura ta daidaita murya. Wannan ma fasaha ce, kuma tana ba da damar tsara kalmomi da ma'auni da amsa-amo fiye da yadda fage ke bari. Wanda ya saurari Aminu Ala ko Nura M. Inuwa da kunnen basira zai ji aikin da aka yi wa harshe. Sai dai a wurin biki, sau da yawa waƙar da aka riga aka naɗa ce ake sakawa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bi. Jama'a sun ga fuskarsa, amma ba su gwada shi ba. Wannan ne ya sa dattijon da ya saba da fage yake jin kamar an rage masa mudu.

7.0 Abin da ke Saura, da Buƙatar Adalci

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka binne shi a Daura. Kafin nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Fiye da shekara 25 bayan rasuwarsa, ana sa waƙoƙinsa a rediyo, direbobi na jin su a mota, maganganunsa sun shiga bakin mutane kamar karin magana, ɗalibai na rubuta kundaye a kansa. Idan aka yi kwatance da gona, shahararsa ɗorawa ce da ta daɗe kafin ta yi 'ya'ya amma jikoki na ci, ta mafi yawan mawaƙan yau kuwa masara ce 'yar wata uku, mai saurin cika rumbu, wadda dole a sake shukawa kowace damina.

Duk da haka, akwai hanzari uku da adalci ya wajabta a kawo. Na farko, muna kwatanta zaɓaɓɓun shekara 50 ne da dukan abin da ya fito bana. A zamanin Shata akwai ɗaruruwan makaɗan kalangu da goge da gangar noma a ƙasar Funtuwa da ta Malumfashi waɗanda ba a naɗi muryarsu ba, sunansu ya tafi tare da su. Lokaci ya riga ya sheƙe na da, bai sheƙe na yau ba tukuna.

Na biyu, sukar da ake yi wa na yau an yi wa na da. Mahaifin Shata bai so ɗansa ya zama maroƙi ba, malamai sun yi tir da wasu waƙoƙinsa, an kuma zargi Barmani da sakin baki. Ce-ce-ku-cen da waƙoƙin Ado Gwanja, Warr da Chass, suka tayar a 2022 ba sabon abu ba ne a tarihin waƙar Hausa. Wanda ake kira fitsararre a yau, wani lokaci shi ake rubuta wa kundi gobe.

Na uku, zamani ya buɗe ƙofofin da a da suke da wuyar shiga. Yaron da ba ɗan gidan kiɗa ba, ba shi da ubangida, yana iya tara kuɗin sutudiyo ya gwada sa'arsa. Muryarsa na iya kaiwa ga Hausawan Sudan da Saudiyya da Turai a ranar da ya sake ta. Ita wayar da ake zargi kuma ita ce ta raya tsofaffin waƙoƙi, domin matasa da yawa a TikTok suka fara jin muryar Barmani da ta Ɗan Maraya Jos.

Abin da ya tabbata shi ne, zama gwarzon tarihi aikin mutum biyu ne: makaɗin da ya yi waƙar, da al'ummar da ta adana ta, ta maimaita ta, ta rubuta a kanta. Shata ya samu rediyo mai taskar faifai da marubuta da suka bi sawunsa. Mawaƙin yau aikinsa na warwatse a katin waya da shafukan da ka iya ɓacewa.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, maƙalar na ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, tare da sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su kafa taskar sauti a Funtuwa, a tattara kaset-kaset ɗin Shata da Barmani da ke hannun iyalai da tsofaffin masu sayar da kaset kafin su lalace. Na biyu, a hanzarta naɗar muryoyin makaɗan noma da na amada da suka rage a ƙauyukan Kafur da Bakori da Malumfashi, tare da tarihin rayuwarsu daga bakinsu. Na uku, taskar ta karɓi waƙoƙin zamani ma, kowace da ranar fitarta da sunan wanda ya yi kiɗanta da dalilin yin ta, domin mai nazarin gobe ya samu abin kamawa. Na huɗu, mawaƙan zamani su koma fage da makaɗa masu rai ko da sau ɗaya ne a shekara, su kuma yawaita jigoginsu, su waiwayi manomi da ɗan kasuwa da halin tsaron da yankin ke ciki, kada su tsaya ga soyayya da zaɓe.

A taƙaice, mawaƙin zamani ya fi na da saurin suna da nisan zango, na da kuma ya fi shi zurfin shiga rayuwar jama'a da 'yancin kai da tabbacin gwaninta a gaban shaidu. Hukuncin wanda zai dawwama daga cikin na yau bai faɗo ba tukuna, kuma ba adadin masu kallo ne zai yanke shi ba. Zai dogara ne da ko waƙoƙinsu sun ɗauki rayuwar mutanensu, da kuma ko mu masu nazari mun yi aikinmu na adanawa. Na farkon yana hannun mawaƙa, na biyun kuwa yana wuyanmu, kuma ya kamata mu fara shi tun masu riƙe da tarihin suna raye.